Karenmu ya ƙi sabawa da wurin bahaya a sabon gida

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kiwon karnuka, musamman likitocin dabbobi. Makonni 3 ke nan da muka taso daga Zariya zuwa Kaduna tare da karen da ke mana gadi, mai shekara 2. A tsohon gidanmu tsakar gidan ƙasa ce, kuma yana da kusurwarsa a gindin darbejiya wadda bai taɓa saɓa mata ba. Sabon gidan kuwa duk siminti ne, kuma tun zuwanmu yakan riƙe fitsari wuni guda, sai dare ya raba ya sake shi a baranda, dab da inda muke shimfiɗa tabarmar salla. Wannan ne ya fi damuna.

Na zuba yashi a ƙuryar gidan, ina kai shi wurin da asuba da kuma bayan ya ci abinci, amma sai ya shinshina ya juyo. Ban taɓa dukansa ba, domin na lura a tsorace yake. Shin in ɗebo ƙasar tsohon wurinsa in gauraya da yashin? Kuma da me zan wanke barandar, tunda Izal bai hana shi komawa ba?