Dubu 350 muka haɗa na bidiyon waƙa: mai fitilu zan ɗauka ko mai jirgi?

Ɗan Kawo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Waƙar ƙanina ce, minti 3 da daƙiƙa 40, ta soyayya, da baiti ɗaya na rawa. Dubu 350 muka haɗa, a ciki har kuɗin mota da abincin 'yan rawa huɗu. Lokeshin biyu muke so: wurin shaƙatawa na Gamji a Kaduna da yamma, sai wani ɗakin taro a Unguwar Rimi da dare. Mai ɗauka na farko kyamarar Sony A7 III gare shi da gimbal (abin riƙe kyamara kada ta yi rawa) da fitilu uku, ya ce 280 har tacewa, babu jirgin ɗaukar hoto daga sama. Na biyu ya ce 200, yana da Canon da jirgi, amma fitila ɗaya, wai na ɗakin taron sun isa. YouTube da TikTok za mu saka, cikin Disamba. Wa zan ba kafin alƙalami?

Mai Lensi: Wa alaikumus salam. Ku nemi mai kyamarar FX3 ko A7S III kawai, suna ɗaukar 10-bit, wato kala mai yawan matakai, kala ba ta farfashewa wajen gyara. A7 III 8-bit ce.

Baban Ummi: Malam Mai Lensi, ka duba kuɗin da ya ambata mana. Ƙanina, na farko za ka ɗauka, saboda ɗakin taron. Wutarmu 50Hz ce, yawancin ƙwayayen silin suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya gani amma kyamara na gani. In aka ɗauka a firem 30 ko 60 a daƙiƙa da shota (saurin buɗe idon kyamara) 1/60, za ka ga baƙaƙen layuka suna hawa da sauka a hoton. Ka sa shi ya mayar da kyamarar tsarin PAL mai dacewa da wutarmu, firem 25 da shota 1/50, in silo ne, wato hoto mai tafiya a hankali, firem 50 da 1/100. In ƙaramin janareta ke ja, ko hakan ba lallai ya yi magani ba, don bugunsa ba ya tsayawa a 50. Ku kashe na silin, ku yi da fitilun bidiyo: babba a gefen fuska da lema mai tausasa haske, ɗaya a baya ta raba shi da bango, ta uku a jikin bangon da kala. Hasken da ke saukowa daga sama rami yake yi a ido, mawaƙi ya fito kamar ya kwana uku bai yi barci ba.

Hajiyar Tacewa: Ni tambayata ɗaya: an gama waƙar a situdiyo, gamawa ta ƙarshe? Akwai aikin da aka kawo min in ceto, har yau yana ci min rai. Yaro ya sayar da babur ɗinsa ya yi bidiyo. An yi mamin, wato bin waƙar da baki, da kwafin da aka turo ta WhatsApp, bayan an ɗauka sai mai situdiyo ya ƙara kiɗa a farko, ya kuma ɗan ƙara wa waƙar sauri. Baki da murya ba su haɗu ba ko a layi ɗaya. Mai ɗaukar kuma ya kashe sautin kyamara, babu abin da zan jingina da shi, sai bin leɓe da ido ɗauka bayan ɗauka. Kyamara a firem 30, jirgi a 24, wasu wuraren da waya, ita kuwa waya firem ɗinta ba ya tsayawa wuri ɗaya, sai ka daidaita farko ƙarshe ya zame. Ya ɗauka da S-Log3, saitin da sai an gyara kala daga baya, cikin duhu bai ƙara haske ba, da na ɗaga kala sai fuska ta cika da tsaki-tsaki. Na tambayi hotunan rana ta biyu, aka ce an goge katin an tafi ɗaukar biki. Kwana tara na yi a kai, minti ɗaya da rabi kaɗai ya fita. Wanda ya yi ɓarnar ya karɓi kuɗinsa cif, yaron nan kuwa a gabana ya zauna ya rasa ta cewa.

Mai Lensi: Innalillahi. Wallahi irin waɗannan su ke zubar mana da mutunci.

Baban Ummi: Hajiya, da kin mayar da na wayar firem tsayayye da manhajar HandBrake kafin ki shigar, zamewar za ta ragu.

Hajiyar Tacewa: Na yi, Yaya. Saurin waƙar da aka canja ne babu dabara. Ɗan Kawo, ka karɓo kwafin waƙar na ƙarshe, fayil ɗin WAV a 48kHz, shi za a kunna da babbar sifika a lokeshin, shi kuma za a ba edita. A sa ƙara huɗu a farkonsa don daidaitawa, kyamara ta riƙa ɗaukar sauti ko da marar kyau ne. Mawaƙi ya rera da murya sosai, jijiyar wuya tana nunawa in motsa baki kawai yake. Kowane saiti a ɗauki waƙar daga farko har ƙarshe sau uku: nesa, rabin jiki, fuska. Kafin a goge kati a kwafe wuri biyu. 4K a 100Mbps na cin kusan 45GB a awa, kati ɗaya na 128 ba abin dogaro ba ne.

Sarkin Gimbal: 280 ta yi yawa. Hayar A7 III da lensi dubu 25 ce a wuni, gimbal 10, fitilu 20. A Tudun Wada za a yi maka duka a 150.

Mai Lensi: Dubu 25? A wace shekarar? Makon jiya 40 aka ce min, lensi daban. Tacewa da gyaran kala kaɗai ba mai taɓa maka ƙasa da 80.

Sarkin Gimbal: Akwai yaran da ke yi da manhajar CapCut a 20.

Hajiyar Tacewa: Su ne ke yanka inda suka ga dama. Waƙa mai bugu 100 a minti, a firem 25 kowane bugu firem 15 ne. Ka sa alama a bugun kalangu ko ganga, ka yanka a kai ko firem ɗaya kafinsa. Wajen baitin soyayya ka bar hoto ya numfasa bugu takwas, wajen rawa ka gajarta zuwa biyu, amma kar ka yanke ƙafafu, nesa ake nuna rawa.

Na Barnawa: Jirgi a Disamba? Hazo zai ba ku hayaƙin fim kyauta, har a rasa ina kogi ina gadar Lugard.

Baban Ummi: Wasa yake amma gaskiya ce, daga sama toka-toka kawai za a gani. Kuma Kaduna garin sojoji ne, ga NDA ga sansanin sojan sama a Mando. Doka ta ce sai da izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ka tambayi mai jirgin takardarsa. Daƙiƙa shida za ka yi amfani da su a bidiyon, ba su kai a ƙwace kaya ba. Gamji kuma ku shiga da La'asar, daga ƙarfe huɗu da rabi zuwa shida hasken ya fi taushi. Kar ya sa farar shadda, in aka auna haske da fuska rigar za ta ƙone a hoto, in aka auna da riga fuska ta yi duhu. A riƙe allon mayar da haske, a sa ND, gilashin rage haske, a lensi, kada a canja lensi cikin ƙura.

Sarkin Gimbal: Baban Ummi, da girmanka, kai biki ka fi ɗauka. Bidiyon waƙa motsi yake so, ba lissafi ba.

Baban Ummi: A biki ba a cewa amarya ta sake shigowa, shi ya sa muka iya saiti tun kafin a danna. Motsin ma da lissafi: in kana son silo baki na bin waƙa, ka ninka saurin waƙar biyu, ka ɗauka a 50, ka mayar 25. Layi mai kalmomi da yawa ba zai biyu ba, a amshi ake yi.

Mai Lensi: Na TikTok fa, ku ɗauka a 4K ku bar mawaƙi a tsakiya da sarari gefe da gefe, sai a yanko na tsaye.

Hajiyar Tacewa: Kuma a rubuta a takarda wa ke da ɗanyen hoto bayan an gama. Masu ɗauka da yawa riƙewa suke.

Sarkin Gimbal: Dole mu riƙe, Hajiya. Mawaƙi zai ba da rabi, ka tura masa ya duba, gobe ka gan shi a YouTube, cikon kuɗi sai a lahira.

Hajiyar Tacewa: Sai ka tura ƙaramin kwafi mai 480p da tambari a tsakiya, ba ka riƙe masa kaya wata shida ba.

Sarkin Gimbal: Da tambarin suke sakawa. Gyara kuma sau nawa ne a cikin kuɗin? Wani sau bakwai zai dawo, wai budurwarsa ta ce kalar ba ta yi ba.

Ɗan Kawo: Na gode ƙwarai. Na kira situdiyo, sun ce saura mastarin, gyaran sauti na ƙarshe. To in na ɗauki na farkon, nawa zan fara ba shi?

Mai Lensi: Sarkin Gimbal, sau biyu nake rubutawa, na uku dubu 10 kowanne. Faifan ajiya kuma mawaƙi ya sayo nasa, 1TB, ranar da ya cika kuɗi a zuba masa komai.