F-13 ko F-15: wane jirgi O'Hare ya tuƙa ranar 20 ga Fabrairu 1942?

Mai Fenti: Jama'a, maganar da ake ta ja a kanta ba ta da wuya. Jirgin Butch O'Hare, matuƙin sojan ruwan Amurka, shi ne mai lamba F-13 a jikinsa. Hoton nan da kowa ya sani ya nuna jiragen yaƙi ƙirar Wildcat biyu a sama, John Thach a F-1, O'Hare a F-13. Duk mai haɗa ƙaramin samfurin jirginsa, lambar da zai manna ke nan, da magen nan Felix mai rungume da bam, da tutocin Japan, alamar jiragen da aka kakkaɓo, a ƙarƙashin mazaunin matuƙi.

Injiniya: Malam, hoton gaskiya ne, amma duba ranarsa. A Afrilun 1942 aka ɗauke shi a Hawayi, bayan faɗan da kusan mako bakwai, lokacin da sojan ruwan Amurka ke neman hotunan gwarzonsu don jaridu. Ranar 20 ga Fabrairu, da jiragen Japan masu jefa bam ƙirar G4M suka taso daga sansaninsu na Rabaul suka nufo Lexington, jirgin ruwan Amurka mai ɗaukar jiragen sama, wanda O'Hare ya hau shi ne F-15, lambar rajista 4031. F-13 kuwa 3986 ne. Jirage biyu ne daban.

Mai Fenti: To in F-13 ba nasa ba ne, me ya kai tutocinsa jikinsa?

Kawu Na Tasha: Ɗana, a kan jirgin ruwa matuƙi ba ya da jirgin kansa yadda kake zato. Ana iya rubuta wa mutum lamba a takarda, amma in ƙararrawa ta kaɗa, wanda ma'aikatan dandamali suka jera a gaba, da mai da harsashi a ciki, shi zai hau. Tutocin kuma ai daga baya ake zana su. Kafin wannan rana O'Hare bai kakkaɓo ko ɗaya ba, don haka duk wanda ya yi F-15 na ranar faɗan ya jera masa tuta 5, ya sa keya a gaban goshi.

Injiniya: Su ma biyar ɗin akwai magana. Biyar aka rubuta masa, da su ya karɓi lambar girma ta Medal of Honor daga hannun Shugaba Roosevelt. Amma da masanin tarihi John Lundstrom ya gwada da takardun Japan, 3 ne suka faɗi nan take, sauran ya illata su. Wannan bai rage masa komai ba: bindigogin abokin tashinsa Dufilho sun cije, shi kaɗai ya shiga cikinsu.

Yaya Babba: Ku bar lamba tukuna, kuskuren da ya fi yawa tun a kwali yake farawa. Wildcat ƙirar F4F-3 ake nema a kwalin samfurin: bindiga 4, fiffike ba ya naɗewa. F4F-4 mai bindiga 6 ne da fiffike mai naɗewa, kuma bai je wannan faɗa ba. Wanda ya sayi F4F-4 ɗin sai ya cike layin naɗin da ramukan bindigogin waje, ya goge, aikin da ba zai sha wahalarsa ba in da ya karanta kwalin.

Fenti kuma: sama shuɗi mai ratsin toka, ciki toka mai haske, duka marasa ƙyalli. Masu sayar da fenti kan ce FS 35189 da FS 36440, amma kusa-kusa ne kawai, tsarin FS na lambobin launi bai zo ba sai 1956. Tauraro a wuri 6, sama da ƙasan kowane fiffike da gefe biyu na jiki, kowanne da jan ɗigo a tsakiya. A wutsiya ratsi 13 a kwance, ja 7, fari 6.

Mai Fenti: Yaya, ni na ga Wildcat da yawa babu jan ɗigo, babu ratsin wutsiya.

Yaya Babba: Na bayan Mayun 1942 ne. A watan aka ba da umarnin goge su, saboda masu harbi daga ƙasa da na kan ruwa suna ganin ja daga nesa su ɗauka jan faifan Japan ne. Na Fabrairu dole ya kasance da su.

Hajiya Mai Samfuri: Ratsin nan shi ke ba mutane kunya. Sitikar da ke zuwa a kwali ba ta kwanciya a gefen wutsiya, takan tattare ko ta tsage. Gara fenti. A fara fesa fari sau biyu a kan wurin gaba ɗaya, a bar shi ya kwana. A auna tsawon a raba 13, a yanka tef daidai faɗin, a rufe guda 6, na sama da na ƙasa ja ne. Kafin jan, a sake shafa fari siriri a bakin tef ɗin, shi zai toshe kafar da ja ke kutsawa. In aka fesa ja kai tsaye a kan shuɗin, launin hanta zai fito. Taurari kuma sai an shafa ruwa mai ƙyalli kafin a manna, in ba haka ba iska ta maƙale a ƙasansu su yi fari-fari, sannan a rufe da marar ƙyalli.

Mai Fenti: Na ji na fenti. Amma F-13 da tutocinsa ba ƙarya ba ne, ya tuƙa shi, ga hoto.

Kawu Na Tasha: Ba wanda ya ce ƙarya ne. Yi shi, ka rubuta Afrilu 1942 a ƙasansa. Wanda aka tsamo daga tafkin Michigan aka kafe a filin jirgin O'Hare na Chicago kuwa, da za a yi masa fentin tunawa da faɗan, F-15 aka rubuta masa.

Mai Fenti: Shi ma ai ba 4031 ba ne, Kawu, wani jirgin ne aka yi wa kwalliya.

Injiniya: Haka ne, 12320 ne. Lambar da ke jikinsa muke magana a kai.