Inshorar lafiya don bizar koyon Jamusanci: wadda ejan ya yi min ta isa kuwa?

Ɗan Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu zuwa Jamus, musamman wanda ya shiga ta hanyar makarantar koyon harshe.

Ni ɗan cikin garin Katsina ne. Na yi digiri a kimiyyar sinadarai a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, na yi bautar ƙasa, yanzu shekara huɗu ke nan ina koyarwa a wata makarantar kuɗi. Shekara biyu na yi ina koyon Jamusanci da dare a waya, bara na je Legas na zauna jarrabawar Jamusanci ta matsakaicin mataki, wato B1, a cibiyar Goethe, Allah ya ba ni sa'a. Yanzu wata makarantar harshe a Leipzig ta ba ni gurbi na wata takwas, daga Fabrairu zuwa ƙarshen Satumba, da nufin in kai matakin ƙwarewa na C1 in nemi digiri na biyu. A Nuwamban baɗi zan cika shekara 30, shi ya sa nake son in yi abin nan yanzu kafin nauyi ya ƙaru.

Kuɗin asusun kulle, wanda Jamusawa ke kira Sperrkonto, inda ake ajiye kuɗin zama a matsayin shaida kafin a ba da biza, sun haɗu. Ba da sauƙi ba. Sai da Baba ya sayar da filinsa na hanyar Dutsin-Ma, yayata ta sayar da sarƙarta. Don haka ba ni da ikon yin kuskure a takarda ko ɗaya.

Wani ejan da ke yi wa mutane bizar Umara da ta Dubai ya yi min inshora a kan naira dubu 70. Shafi ɗaya ce, an rubuta kwana 90 da Yuro 30,000. Ya ce da ita kowa ke tafiya Turai. Amma ni wata takwas zan yi, ba kwana 90 ba, kuma da na tambaye shi sauran wata biyar ɗin fa, sai ya ce in na isa can Allah zai yi mana mafita. Hankalina bai kwanta ba. Na kuma ji ana cewa ɗalibai na shiga TK ko AOK, wato masu inshorar lafiya ta gwamnati a can, su karɓi kati su riƙa zuwa asibiti ba tare da biyan komai ba. Ni ma zan iya shiga tun daga nan?

Abin da ya fi damuna shi ne ina da asma tun ina yaro. Ba kullum take tashi ba, amma duk hunturu sai na riƙa yawo da Ventolin a aljihu, shekara uku da suka wuce ma sai da aka kwantar da ni kwana biyu. In ƙurar Katsina na yi min haka, me sanyin Jamus a watan Fabrairu zai yi? Inshorar za ta ɗauki nauyin wannan?

Sannan Baba ya ce sam shi bai yarda da inshora ba, caca ce. Ban san amsar da zan ba shi ba.

Badauri a Kolon

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ta wannan hanyar na shigo, daga Daura, yanzu ina aiki a Kolon, kusa da Bonn inda sashen Hausa na DW yake. Madalla da ka tambaya kafin ka kai takardunka.

Takardar da ejan ya ba ka ba jabu ba ce, amma ba taka ba ce. Wannan Yuro 30,000 ɗin sharaɗin bizar Shengen ne, ta masu ziyarar da ba ta wuce kwana 90 ba. Kai bizar dogon zama za ka nema, ta ƙasar Jamus ita kaɗai, wadda kuɗinta Yuro 75 ne. Mai zuwa jami'a kai tsaye kan yi amfani da irin wannan gajerar inshorar ta riƙe shi kafin ya yi rajista, don daga ranar da zangon karatu ya fara inshorar gwamnati ce za ta karɓe shi. Kai kuwa babu abin da zai karɓe ka bayan kwana 90. Kuma da ka sauka za ka yi rajistar adireshinka cikin mako biyu, daga baya ofishin baƙi na garin zai nemi shaidar inshora kafin ya ba ka katin zama. Can ma sai an sake dubawa.

Maganar TK da AOK kuwa, ka cire ta daga lissafi a yanzu. Farashin ɗalibai a inshorar gwamnati na wanda ya yi rajistar karatun digiri ne a jami'a. Ɗan makarantar harshe ba ya ciki, ko da jami'ar ce da kanta ke koyar da harshen. Abin da ya rage maka shi ne inshorar 'yan kasuwa da aka tsara don baƙi masu zuwa karatu. Kamfanoni irin su Mawista da Care Concept da DR-WALTER suna da ita, masu buɗe asusun kulle irin su Expatrio da Fintiba ma suna haɗa ta da asusun. A intanet ake yi, su turo maka takardar shaida ta imel. Ni a lokacina ƙasa da Yuro 40 nake biya a wata, amma kada arha ta ja ka, zan dawo kan wannan. Ka tabbata ranar farawa ita ce ranar da jirginka zai sauka, ba ranar da za a fara aji ba, ƙarshenta kuma ya wuce ranar gama makaranta. Ka duba an rubuta kwanciya asibiti da ganin likita da mayar da mutum gida in ciwo ya yi tsanani ko rai ya yi halinsa. Ka kuma tambaye su ko suna soke ta su maido kuɗi in an hana ka biza, yawanci suna yi in ka tura takardar ƙin.

Irin wannan inshorar ba kati ba ce da za ka miƙa ka wuce. Sau da yawa likita zai aiko maka da takardar kuɗi gida, ka biya, sannan ka tura wa kamfani ya maido maka. Saboda haka ka riƙa ajiye wani abu a gefe kowane wata.

Amma ni abin da ya tsaya min a rai cikin rubutunka shi ne Nuwamban nan. Dokarsu ita ce farashin ɗalibai yana tsayawa ne a shekara 30. Zangon hunturu a jami'o'i yana farawa 1 ga Oktoba. In ka samu ka yi rajista a wannan zangon, kana da shekara 29, za ka shiga inshorar gwamnati, a bar ka kan farashin ɗalibai har ƙarshen Maris, daga nan ka ci gaba da zama a ciki duk da kuɗin zai ƙaru. In kuwa ka kuskure wannan zangon sai na Afrilu, ka riga ka cika 30, ƙofar ta rufe, a hannun 'yan kasuwa za ka gama karatunka. Ga mai lafiya garau wannan ba wani abu ba ne. Ga mai asma babban abu ne, domin inshorar gwamnati ba ta tambayar ciwon da ka zo da shi, kowa ɗauka take. Kuɗinta ya haura Yuro 120 a wata, amma wallahi ta ci kuɗinta. Jami'o'i da yawa suna rufe karɓar takardu 15 ga Yuli, kai kuma makarantarka sai ƙarshen Satumba za ta ƙare, sakamakon jarrabawar harshe ta shiga jami'a irin TestDaF kuma yana ɗaukar makonni. Ka rubuta wa jami'ar da kake so tun yanzu, ka tambaye su ko suna yarda a kawo shaidar harshe a lokacin rajista. In ba su yarda ba, ka nemi makarantar harshen ta matso maka da ranar farawa.

Kuma in Allah ya kai ka rajista, wani zai ce ka sa hannu a takardar neman a cire ka daga tsarin gwamnati don ka ci gaba da mai arha. Kada ka sa. Ba a warware ta har ka gama karatu.

Af, ka sake duba adadin da ka saka a asusun kulle. Tun Satumbar 2024 ɗalibin jami'a Yuro 992 ake nema masa a wata, 11,904 a shekara. Wanda harshe kawai ya zo koya ba tare da gurbin jami'a ba, ana ƙara masa kashi 10 cikin ɗari, ya zama 1,091. Ka bi abin da ke shafin ofishin jakadancinsu a ranar da za ka kai takardu.

Sarkin Yawo

Malam kar ka wahalar da kanka. Ka ɗauki mafi arha, kuma kar ka rubuta maganar asma a fom. Wa zai sani? Ni a Turkiyya na yi shekarar koyon harshe, takardar inshorar nan don katin zama kawai na yi ta, har na dawo ban buɗe ta ba.

Maman Khalil

Sarkin Yawo, don Allah ka daina ba mutane irin wannan shawarar. Kai Allah ya ba ka lafiya, shi ya faɗa maka yana da ciwo.

Ɗan'uwa, ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Katsina, ban taɓa zuwa Turai ba, amma abin ya shigo gidanmu. Ƙanena yana da sikila. Ya tafi koyon harshe kamar yadda za ka tafi, ya ɗauki mai arha, bai karanta ƙananan rubutun ba. Watansa na uku sanyi ya tayar masa da ciwon, aka kwantar da shi kwana shida. Asibiti sun kula da shi iya kulawa, ba su tsaya tambayar kuɗi ba, wannan kam gaskiya ce. Bayan an sallame shi sai takarda ta biyo baya. Ya tura wa kamfanin, suka ce ciwon da ya riga inshora ba ya ciki, suka nuna masa layin da aka rubuta haka. Kusan shekara ɗaya muka yi muna tura kuɗi daga nan yana biya kaɗan-kaɗan, ga canji kullum hawa yake. Mahaifiyarmu har hawan jininta ya tashi.

Kuma ɓoyewa ba ta fid da mutum. Likitan da zai duba ka numfashinka na sarƙewa, tambayar farko da zai yi ita ce tun yaushe kake da asma, kai kuma dole ka faɗi gaskiya don rai ake magana. Abin da ya rubuta shi kamfani zai karanta.

Abin da zan ce ka yi: ka rubuta wa kamfani biyu ko uku, ka faɗa musu ƙarara kana da asma, an taɓa kwantar da kai. Ka ce su amsa maka a rubuce, in ta tashi bagatatan aka kai ka asibiti, za su biya ko ba za su biya ba. Wasu suna bambanta maganin yau da kullum, wanda ba sa biya, da tashin ciwo na gaggawa. Ka ajiye amsar. Ka je wurin likitanka kafin tafiya ya duba ƙirjinka, ya rubuta maka rahoto da Turanci da sunan magungunan na asali, wato salbutamol ba Ventolin kawai ba. In ba ka amfani da na rigakafi, ka tambaye shi ko ya kamata ka fara kafin ka shiga sanyi. Ka tafi da maganin wata uku, dokarsu ta yarda da wannan ga mai amfanin kansa. Can ba kamar nan ba ne da za ka shiga kyamis ka saya, sai da takardar likita. In numfashi ya ƙi, 112 za ka kira, kada ka zauna lissafin kuɗi.

Katin NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ko na taimakekeniyar lafiya ta jiha, in kana da shi, iyakarsa Najeriya.

Abu Hafsa

Game da Baba, kada ka yi jayayya da shi, don maganarsa tana da tushe. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda garari, wato rashin tabbas, da ke cikinta, ta kuma halatta ta taimakon juna, wadda muke kira takaful. Sai dai malamai da yawa sun yi sauƙi ga wanda hukuma ta tilasta wa, kamar inshorar mota da kowa ke yi a nan. Kai ma ba zaɓi aka ba ka ba, in babu ita babu biza. Tsarin gwamnatin Jamus ɗin kuma ya fi kusa da taimakon juna, kowa ya zuba, mara lafiya ya amfana.

Kada ka kai masa wannan bayanin da bakinka. Ka nemi malamin da yake ɗaukar karatu a wurinsa, ku je tare bayan Magariba, ka bar malam ya yi magana.

Ɗan Ƙofar Marusa

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Anti Maman Khalil, Allah ya ƙara wa ƙanenki lafiya, ya mayar muku da abin da kuka kashe. Daren jiya na karanta labarinsa sau uku.

Yaya Badauri, maganar 1,091 ɗin nan ta taɓa ni. Da 992 na yi lissafi, kuma ba ni da gurbin jami'a tukuna, ke nan akwai giɓin Yuro 99 a kowane wata, 792 a wata takwas. Zan sayar da babur ɗina in cike. Na rubuta wa kamfani uku da safe kamar yadda Anti ta ce, ɗaya ya riga ya amsa cewa ba ya biyan komai da ya shafi ciwon da aka zo da shi, na cire shi. Ina jiran biyun. Na kuma tura wa makarantar saƙo ko akwai ajin da zai fara a Janairu, don in samu in zauna jarrabawa kafin Yuli.

Na koma wurin ejan, ya ce kuɗi ba sa dawowa. Na bar masa.

Malam Abu Hafsa, na yi magana da limamin unguwarmu, ya ce mu zo ranar Asabar. Yaya, tambaya ɗaya ta rage: in na shiga jami'a a Oktoba alhali inshorar 'yan kasuwar ba ta ƙare ba, ni zan rubuta musu su tsayar ko TK ce za ta sanar da su?

Badauri a Kolon

Kai za ka rubuta. TK jami'a kawai take sanar wa. Ka karɓi takardar shaidar shiga daga wurinsu, ka tura wa kamfanin tare da wasiƙar sokewa, kuma ka duba tun yanzu kwana nawa suke so a ba su kafin su tsayar.