Wace manhajar RSS ce za ta daidaita min waya da kwamfuta?

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman taimako.

Ina bin labaran BBC Hausa, DW Hausa da Aminiya ta hanyar RSS, wato tsarin da ke tattaro sabbin labaran shafuka cikin manhaja ɗaya, don in ga kanun labarai wuri guda ba sai na shiga kowane shafi ba. A wayar Android nake karatu da kwamfutar Windows, kuma na rasa yadda zan sa su tafi tare. Labarin da na karanta a waya da safe, in na buɗe kwamfuta sai in tarar da shi kamar ban taɓa shi ba. Wanda na sa wa tauraro don in dawo masa kuwa, babu shi sam a can. Wannan ya fi ci min rai, domin su ne nake bukata wajen aiki.

Na fitar da fayil ɗin OPML, wato mai ɗauke da jerin kafofin da nake bi, daga manhajar wayar na shigar a ta kwamfutar. Jerin kafofin ya zo daidai, amma abin da na karanta da wanda na ajiye ba su biyo shi ba. Na koma wata manhaja da ake buɗe asusu a intanet. Ita tana daidaitawa, sai dai da zarar sabis ya ɗauke ba ta buɗe komai, ga hotunanta na cinye data.

An ce min in gwada manhajar FreshRSS, amma yawanci sai mutum ya girka ta a sabar kansa (kwamfutar da ke aiki a intanet kullum), ni kuwa ba ni da wannan halin. NetNewsWire kuma ta na'urorin Apple ce kawai.

Wace manhaja ce mai sauƙi, kyauta ko mai araha, da ke daidaita abin da aka karanta tsakanin Android da Windows, kuma take sauke rubutun labari a karanta shi ko babu intanet?

Na gode.