Maus mara igiya: guda ɗaya zai ishe ni aikin kasuwa da gem?

Ɗan Albasa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don na gaji da zubar da kuɗi a kan maus.

Ni nake riƙe wa kawuna lissafi a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Tun asuba motocin albasa da tumatur ke shigowa daga Arewa, ni kuma ina zaune a ɗan ofishinmu na katako da laftof, ina shigar da buhu nawa aka sauke, wa ya ɗauka bashi, wa ya biya, duk a Excel. Da daddare in na koma ɗaki a Ketu, in an kawo wuta, sai in ɗan taɓa Counter-Strike 2, gem ɗin harbi na intanet, da abokaina, wani lokacin har ƙarfe 1. Laftof ɗin na hannu ne, irin wanda ake cewa tokunbo a nan, amma yana ɗaukar gem ɗin in na rage masa kwalliya.

Maus ɗina na farko mai igiya ne. Kullum in nannaɗe igiyar in cusa a jaka in shiga BRT, cikin wata huɗu ta karye daga gindi, sai na lanƙwasa ta wani gefe kafin ya yi aiki. Na biyu na saya a hannun wani yaro cikin cunkoso a titin Ikorodu, mai Bluetooth ne, ya ce min ai wannan "na 'yan gem ne" saboda yana da fitilu kala-kala. A Excel babu laifi, sai dai in na ajiye shi na minti biyu na ƙirga kuɗi ya yi barci ke nan, sai na girgiza shi kamar mai tashin yaro sallar asuba. A gem kuwa abin kunya ne. Hannuna ya riga ya juya, bindigar tana nan tana tunani. Abokaina har sun sa min suna, ba zan faɗa a nan ba.

Na ware naira 60,000, ba na so in wuce haka. Guda ɗaya nake so, wanda zan jefa a jaka da safe in yi aiki da shi, da dare in yi wasa da shi. Mai batir zan saya ko mai caji? Sannan wannan DPI da masu shago ke ta ambata, wani ya ce min nasa 16,000 ne, shin shi ne ma'aunin mai kyau?

Mai Gyara Ikeja:

Wa alaikumus salam ƙanina. Araha ba ta ado, ka dai ɗanɗana. Shekara tara ina gyaran kwamfuta a Computer Village, kusan kullum sai an kawo min wannan kukan.

Fara da gane cewa mara igiya iri biyu ne. Akwai mai Bluetooth, akwai mai ɗan tsinken nan da ake sokawa a ramin USB, wanda muke cewa risiba. Naka na cunkoso Bluetooth ne, kuma an yi Bluetooth ne don ya tattala batir, shi ya sa yake barci. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne sau nawa maus ɗin ke gaya wa kwamfuta inda hannunka yake a cikin daƙiƙa ɗaya. Na ofis galibi sau 125 ne, wato duk bayan milisakan 8. Na gem na gaske mai risiba sau 1,000 ne, milisakan 1. A Excel ba za ka taɓa jin bambancin ba. A Counter-Strike hannunka zai ji shi daren farko.

DPI kuwa, bar su da surutunsu. Ma'anarsa kawai nisan da kibiyar za ta yi a fuskar kwamfuta in ka matsa maus inci ɗaya. In ka sa 16,000 a kan laftof ɗinka, numfashi kawai za ka yi kibiyar ta tsallake daga wannan kusurwa zuwa waccan. Manyan 'yan wasan da ake biya albashi don su buga irin gem ɗinka, yawancinsu tsakanin 400 da 1,600 suke. Abin da ke da muhimmanci shi ne idon da ke ƙarƙashin maus ɗin, kada ya rikice in ka fizge hannu da sauri. Na jabu nan suke tona wa kansu asiri: ka ja da ƙarfi, kibiyar ta kalli sama ko ƙasa.

Da ni ne kai, Logitech G305 zan nema. A kasuwarmu za ka fi ganin G304, kada ka ruɗe, abu ɗaya ne, sunan da ake sa wa na ƙasashen Asiya ke nan. Tun 2018 ya fito kuma har yau ana sayensa. Batir AA ƙwaya ɗaya yake ci, kamfanin ya ce yana kai awa 250 ana wasa. Nauyinsa giram 99 da batir a ciki. Babu fitilun banza da za su shanye batir. In ka buɗe murfin bayansa akwai ɗan rami kusa da batir inda ake ajiye risibar, wannan kai da kake yawo da jaka zai yi maka amfani.

Maganar batir ko caji, ka dubi inda kake zaune. Wanda wuta ke zuwar masa yadda ta ga dama, ga waya na jiran caji, ga laftof, ga fitila, ga fawa-bank, kada ya ƙara wa kansa wani mai jiran layi. Batir ya ƙare, ka cire ka sa wani, ko minti ɗaya ba a yi ba. Amma don Allah kada ka sa masa irin batiran nan marasa nauyi da ake sayarwa huɗu a ƙulle a leda. Na sha buɗe maus in tarar batir ya yi amai a ciki, farin gari ya cinye ƙarfen da yake taɓawa, ga zafin Legas ga laima. Ka sayi alkalin mai kyau, in za ka yi tafiya gida ka daɗe, ka cire shi.

'Yar Zazzau:

Malam Mai Gyara ya yi bayani, Allah ya saka da alheri, amma duk a kan gem ya tsaya. Ɗan uwa, kai fa ka ce tun asuba kake kan Excel. Awa nawa ke nan a rana? Wasan kuma awa nawa?

Ni ma aikin lissafi nake yi a wani ofis a Victoria Island. Shekara biyu ina amfani da wani ɗan mitsitsin maus da ya zo da jakar laftof, har wuyan hannuna ya fara yi min zugi, da daddare in kasa matse tsumma. Na koma Logitech MX Master 3S, yana da wurin kwantar da babban yatsa, ga wata 'yar taya a gefe da ke tura shafi hagu da dama. Wanda ke fama da shafin Excel mai faɗi ya san daɗin wannan. Danna shi ma ba ya ƙara, ba ka damun na kusa da kai. Caji ɗaya yana kai ni fiye da wata biyu.

Ba cewa nake ka saya ba. Ya fi ƙarfin kuɗin da ka ware, nauyinsa giram 141, kuma ƙanena ya gwada wasa da shi ya ce kamar yana jan turmi. Abin da nake nufi, ba a haɗa gudu da susar baya. Ka sayi na wasanka ka bar shi a ɗaki, ka nemi ɗan Logitech M185 mai sauƙin kuɗi ka bar shi a aljihun teburin kasuwa, batirinsa na kai shekara. Kuma ko wanne za ka saya, ka sa hannunka a kai tukuna. Kamar takalmi ne, ba a aike.

Ƙaramin Soja:

Yaya Ɗan Albasa, kafin ka ɗora wa maus duk laifin, nawa ping ɗinka yake, wato milisakan nawa saƙo ke ɗauka ya je sabar gem ɗin ta intanet ya dawo? Ni daga Idi-Araba nake bugawa, sabar Turai ake haɗa ni da ita, kuma da wuya in ga ƙasa da 100. Ran da netwok ya tashi da rashin mutunci ya kai 180. To ana maganar milisakan 1 da 8, ga 100 can tana jiranka a hanya. Ba wai Oga Mai Gyara bai faɗi gaskiya ba, jinkirin maus daban yake, a hannunka kake jin sa, amma kada ka sa rai sabon maus zai sa a daina harbe ka ta bayan bango.

Ni Razer Orochi V2 nake riƙe da shi. Yana da Bluetooth yana da risiba, akwai ɗan maɓalli a ƙasa da kake sauyawa. Da rana a makaranta Bluetooth, ramin USB ɗina yana nan a buɗe don filasha, da dare in soka risiba. Yana cin AA ko AAA, wanda ka samu, kuma giram 60 ne kafin a sa batir. Aibinsa ƙarami ne sosai. Ni hannuna ɗan siriri ne, da kan yatsu nake riƙe shi. In kai irin masu kwantar da tafin hannu gaba ɗaya ne, zai gajiyar da kai.

Anti 'Yar Zazzau, maus biyu a kasuwar Mile 12? Wanda aka bari a aljihun tebur ai sadaka ne.

Mai Gyara Ikeja:

Soja ya tuna min abu: G305 ba shi da Bluetooth ko kaɗan. Risibar ta ɓata, ka shiga uku, don ba irin wadda ake haɗa wa kowane maus ba ce. In ka cire ta, cikin maus ɗin za ta koma, ba aljihun riga ba.

Sai babbar magana, jabu. G304 na cikin maus ɗin da aka fi kwaikwaya, kwali da tambari da komai, in ba ka saba ba ba za ka gane ba. In ka sauka ƙarƙashin gadar Ikeja, yaran da za su tare ka suna "oga me kake nema" kada ka bi su. Shiga shago mai ƙofa da rasit. Ka zo da laftof ɗinka, tun a gida ka sauke manhajar Logitech mai suna G HUB a kai. A gaban mai shagon ka soka risibar. Na gaske manhajar za ta nuna hotonsa da sunansa, ta bar ka ka sauya DPI. Na jabu kibiya za ta motsa, amma manhajar ba za ta san da zamansa ba. Mai shagon da ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, yi masa sallama. Wanda kuma ya faɗi farashin da ya yi rabin na sauran shaguna, ya riga ya gaya maka abin da ke cikin kwalin.

In ka ga kibiya na tsalle-tsalle bayan ka saya, kada ka yi saurin cewa an cuce ka. Ramin USB 3.0, mai shuɗin harshe, in akwai filasha ko hard disk a soke kusa, yana iya dagula siginar 2.4GHz da risibar ke amfani da ita. A cikin kwalin akwai 'yar igiyar ƙari, ka soka risibar a bakinta ka ajiye ta kusa da hannunka.

Ɗan Albasa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya Asabar na roƙi Kawu ya sake ni bayan azahar na je Ikeja.

Oga Mai Gyara, kamar kana wurin. Shagon farko suka fito min da G304 a farashin da na ji daɗi har na fara lissafin canjin da zai rage min. Na buɗe laftof, mutumin ya ɓata rai. Na soka, kibiya na yawo, G HUB shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ya ce wai intanet ɗina ne ba shi da ƙarfi. Na tattara kayana. Sai a shago na uku manhajar ta nuna shi, baƙi, da sunansa. Na sa hannu a kan Orochi ma kamar yadda Anti ta ce, amma Soja, hannun da ya taso yana ɗaga buhun albasa ba zai zauna a kan wannan ɗan abin ba, yatsuna biyu a tebur suke kwana. Kuɗin bai tafi yadda na tsara ba, shimfiɗar maus da batir biyu suka cinye har kuɗin motar komawa, sai da na ciro wani a POS.

Na sa DPI ɗinsa a 800. Daren jiya an kawo wuta wajen ƙarfe 10, na buga zagaye uku. Hannu da bindiga yanzu tare suke tafiya, wannan kam babu musu. An dai ci mu biyu cikin ukun, ping ɗina 120, don haka sunan da aka sa min yana nan.

Anti, maganar wuyan hannu ta tsaya min a rai, don ni ma nakan ji ɗan zugin in an yi ranar motoci da yawa. Zan ga yadda mako biyu za su kasance. Yau da safe Kawu ya ɗauke shi yana jujjuyawa, ya leƙa ƙasansa, ya tambaye ni ina igiyar, nawa kuma na saya. Na ce masa 8,000.