Farin gishiri ya fito a fangalan albasa: a zuba jips ko a ƙara ruwa?

Mai Garka, Tahoua

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tambaya gare ni ga malaman gona da masana ƙasa da ke nan. Garkar albasa ce a cikin fadama, ƙasar laka, ban ruwa da inji daga rijiya. Daga Fabrairu wani farin ɓawo yake fitowa a kan kunyoyi da gefen fangalai, bakin ganyen albasa ya ƙone, kawunan kuma su tsaya ƙanana ko da an ba su taki. Na'urar awon gishirin ruwa ta nuna 900 a watan Nuwamba, yanzu a Maris tana nuna 1,500, kuma µS/cm ne rubuce a jikinta. Wasu sun ce a sayi jips, farin dutsen nan mai laushi da ake dakawa, a zuba, wasu sun ce ruwa kawai za a ƙara. Wanne ne daidai, kuma nawa ake zubawa?

Malamin Gona, Ƙonni

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka sayi jips tukuna. Ciwo biyu ne suke kama da juna a ido, maganinsu kuwa daban. Akwai ƙasar da gishiri ya taru a cikinta amma tana shan ruwa lafiya. Akwai kuma ƙasar kanwa, wadda sinadarin sodiyam ya manne wa lakarta, ta toshe, ruwa ya kwanta a kai ba ya shiga, in ta bushe ta yi tauri ta tsattsage. Ta farko wanki take so, wato a ba ta ruwa mai yawa ya ratsa ta ya tafi da gishirin ƙasa da saiwa. Ta biyu ce take buƙatar jips, sannan wanki ya biyo baya.

Mu fara da ruwanka. µS/cm da dS/m duk ma'aunin gishiri ne, 1,000 µS/cm shi ne 1 dS/m, ke nan ruwanka ya tashi daga 0.9 zuwa 1.5 dS/m. A ma'aunin da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar, ruwan da bai kai 0.7 ba babu damuwa a kansa, daga 0.7 zuwa 3 sai da lura, abin da ya haura 3 kuwa matsala ce babba. Naka yana tsakiya. Abin da ya sa ya yi maka ɓarna shi ne albasa tana cikin amfanin da ba su jure gishiri ko kaɗan: da zarar ruwan ban ruwa ya wuce 0.8 ta fara raguwa, a 1.2 ana asarar kusan kashi 10 cikin 100, a 1.8 kashi 25, a 2.9 rabi ya tafi. Ko Violet de Galmi da muke alfahari da ita ba ta fita daga wannan hali na albasa ba.

Ka dubi lissafin da kyau, domin shi ne yake nuna inda farin ɓawon ya fito. Kowane 1 dS/m yana daidai da kusan miligiram 640 na gishiri a lita guda. Ruwa mai 1.5 yana ɗauke da kusan kilo 1 a kowace lita 1,000. In ka ba hekta guda ruwa mai zurfin milimita 600 a kakar albasa, lita miliyan 6 ke nan, ka zuba mata gishiri da ya doshi tan 6. Shuka ta sha ruwan, rana da iskar hunturu su kwashe saura, gishirin ya zauna. Damina a Tahoua kuma ba ta cika wuce milimita 400 ba, don haka ba kullum take wanke abin da rani ya tara ba.

Ga gwaji uku da za ka yi kafin ka kashe ko dala.

Ka ɗebo ƙasa daga wurin da ya lalace da kuma wurin da ke lafiya, kowanne daban, daga sama zuwa santimita 20, sannan daga 20 zuwa 40. Kada ka kankare farin ɓawon kaɗai ka auna, zai ba ka lamba mai firgitarwa da ba ita saiwa take gani ba. Ka shanya a inuwa, ka daka, ka tankaɗe. Giram 20 na ƙasa a mililita 100 na ruwan batir da ake sayarwa, wanda ba komai a cikinsa, ko ruwan sama mai tsabta. Ka girgiza sosai, ka bari ta kwanta kamar rabin awa, ka tsoma na'urar. Lambar da ta fito a dS/m sai ka ninka ta: kusan sau 6 ga laka mai nauyi, sau 9 ko 10 ga ƙasa tsaka-tsaki, sau 14 ga mai rairayi. In sakamakon ya haura 4, ƙasar ta shiga sahun masu gishiri. Ita albasa tun daga 1.2 take fara jin jiki.

Na biyu, ka ɗauki ɗan busasshen curin ƙasa kamar ƙwayar gyaɗa ka ajiye a hankali cikin kofin gilas mai ruwan sama, kada ka motsa. In ya wargaje ya zube ƙasa amma ruwan ya zauna garau, lakar lafiya take. In wani hazo mai kama da madara ya kewaye shi bayan awa ɗaya ko biyu, sodiyam ya kama ta.

Na uku shi ne pH, ma'aunin tsami ko kanwar ƙasa. In ya wuce 8.5, ka yi zargin kanwa.

Ita ma na'urar a duba ta. Ana daidaita ta da ruwan gwaji mai 1,413 µS/cm. Masu rahusa da yawa wani ma'auni daban mai suna ppm suke nunawa, kuma a mafi yawansu sai ka ninka lambar sau 2 kafin ka sami µS/cm.

Injiniyar Ban Ruwa, Yamai

Malam ya yi bayani mai kyau, sai dai ni zan sa wani abu gaba da duk gwaje-gwajen nan: ina ruwan wankin zai tafi? A fadama wannan ce tambaya ta farko. Mai Garka, ka haƙa rami mai zurfin mita 1.5 a wurin da ya fi lalacewa, ka rufe bakinsa, ka dawo washegari ka auna inda ruwa ya tsaya. In ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa da mita 1 daga sama, a ƙasar laka yana hawowa da kansa ta ƙananan ƙofofin ƙasa kamar yadda kananzir ke bin lagwani, ya bushe a sama ya bar gishirinsa. A irin wannan wuri ƙara ruwa ƙara ciwo ne, don kana ɗaga ruwan ƙasan ne kawai. Sai an fara yanka magudana mai zurfin da ya wuce saiwa, mita 1 zuwa 1.2, mai gangara zuwa inda ruwan zai fice daga garkar gaba ɗaya. Magudanar da ba ta da mafita tafkin gishiri ce, kuma kada a juye ta a garkar maƙwabci.

In ruwan yana can ƙasa da mita 2 kuma ƙasar tana sha, to wanki zai yi aiki, kuma iri biyu ne.

Akwai babban wanki kafin dashe. Abin da aka saba lissafawa shi ne ruwa mai zurfin santimita 15 da ya ratsa ƙasa mai kaurin santimita 30 yana fitar da kusan rabin gishirinta, santimita 30 kuma kusan kashi 80 cikin 100. Santimita 1 a kan murabba'in mita guda lita 10 ce, ke nan lita 150 zuwa 300 ga kowane murabba'in mita. Kada a zuba shi lokaci guda. A daidaita fangali ya kwanta sosai, a ɗaga kunyoyinsa, a ba shi santimita 5 zuwa 10, a bari ya nutse, bayan kwana biyu ko uku a sake. Wanki kashi-kashi ya fi fitar da gishiri da ruwa kaɗan, don in aka tara ruwa da yawa a laka, ta tsagogi yake zurarewa ya bar cikin curin ƙasa yadda yake. Fangalin da ba a daidaita ba kuwa, tudunsa ne zai tara gishirin duka. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, sa'ad da rijiyarka take 0.9 kuma sama ta riga ta yi rabin aikin. Kafin a fara, a kankare farin ɓawon a fitar da shi daga garkar, kada a nome shi ciki.

Sai ƙaramin wanki da ke tafiya tare da ban ruwa. Ana raba lambar ruwa da abin da ya rage in aka cire ta daga ninki biyar na lambar ƙasar da ake son tsayawa a kai. Ga albasa, in ka yarda da asarar kashi 10, lambar ƙasar 1.8 ce. Biyar sau 1.8 tara ke nan, a cire 1.5 saura 7.5, a raba 1.5 da 7.5 ya ba da 0.2. Ma'ana kashi ɗaya cikin biyar na ruwan da ka zuba dole ya wuce ƙasa da saiwa. In fangali yana buƙatar lita 8 a murabba'in mita, ka ba shi 10. Kuma ka rage tazarar ban ruwa. Yayin da ƙasa take bushewa gishirin da ke cikin sauran danshin yana ƙara kauri, albasa kuma saiwarta gajera ce, mafi yawanta a santimita 30 na sama take.

A kwarin kogin Neja muna ganin wani salo daban. Ruwan kogin kansa gishirinsa kaɗan ne ƙwarai, amma a wasu gonakin shinkafa na wajen Kollo gishirin a cikin lakar yake tun asali, kuma mafi yawansa salfet ne na magnesiyam. Jips ba shi da abin yi a irin wannan ƙasa. A Lossa, ta wajen Tillabéri, matsalar kanwa ce, kuma masu bincike sun gwada noman ciyawar burgu a kan ƙasar suka ga ta gyaru, ga kuma abincin dabbobi. Shi ya sa ba na son a ba manomi magani ɗaya ga kowane farin ɓawo.

Mai Garka, Tahoua

Allah ya saka da alheri, Malam da Hajiya. An haƙa ramin, ruwa ya tsaya a mita 2.3. Awon ƙasar sama ya ba da 0.45 kafin a ninka. Curin ƙasar mafi yawan fangalai bai yi hazo ba, amma na wani lungu da ruwa ke daɗewa a kai ya yi fari fat. To shi wannan lungun fa?

Mai Awon Ƙasa, Tahoua

Madalla, Malam, yanzu magana ta fito. 0.45 sau 6 ko 7 ya kama wajen 3, wato gishirin da ya isa ya cinye rubu'in albasarka, kuma da ruwan ƙasa a mita 2.3 wanki zai fitar da shi. Ka sake auna ramin a ƙarshen damina, don lokacin ne ruwan yake hawowa. Mafi yawan garkar ba ta buƙatar jips. In ka zuba mata ma lambar gishirin za ta ɗan ƙaru, don shi kansa jips gishiri ne mai narkewa a hankali, kusan giram 2.5 a lita.

Lungun nan shi ne na jips. Aikinsa shi ne kalsiyam da ke cikinsa ya ture sodiyam daga jikin laka, ruwa ya tafi da shi. In ba a bi shi da wanki ba sodiyam ɗin yana nan bai je ko'ina ba. Adadin daidai sai an kai ƙasar ɗakin gwaji, kamar na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Yamai, a nemi pH, ƙarfin gishiri, yawan abin da lakar ke iya riƙewa, da kason sodiyam a ciki. Kason da ya haura 15 cikin 100 shi ake kira ƙasar kanwa. Misali, laka mai ƙarfin riƙo 20 da ake son sauke sodiyam ɗinta daga kashi 20 zuwa 10 a santimita 15 na sama tana cin kusan tan 4 na tsantsar jips a hekta, wato giram 400 a murabba'in mita. In gwajin bai samu ba, ka ware fangalai uku a lungun: ɗaya ba komai, ɗaya giram 250 a murabba'in mita, ɗaya giram 500. Ka ba su ruwa daidai wa daida ka ga wanne ya fara shanyewa.

Jips ba baƙo ba ne a Adar, ana haƙo shi a nan, da shi ake haɗa siminti a Malbaza. Amma wanda ake haƙowa da hannu yana zuwa da laka da tsakuwa, don haka a ƙara kaɗan a kan lissafi. A daka shi ya yi laushi ya bi ta rariya mai ido kamar milimita 2, manyan gutsattsari suna shekaru ba su narke ba. A watsa shi a gauraya da santimita 10 na sama kawai, kada a binne shi da zurfi, kuma a yi haka gab da damina. Kada a musanya shi da farar ƙasa, ita ba ta narkewa a ƙasa mai pH sama da 8. Toka ma a nisanta ta da lungun, ƙara masa kanwa take yi.

Ruɓaɓɓen takin gida, kilo 2 zuwa 3 a murabba'in mita, yana buɗe laka ruwa ya sami hanya. Ɗanyen kashin kaji da takin da aka kwaso daga makwancin dabbobin da ake ba kanwa suna zuwa da nasu gishirin, a bar su su sha damina tukuna. A rufe fangalai da karan dawa ko buntun shinkafa don rage bushewar sama. Takin zamani kuma a raba shi kashi uku ko huɗu, don zuba shi gaba ɗaya a ƙasar da ta riga ta yi gishiri yana ƙone dashe.

Malamin Gona, Ƙonni

Ƙari kaɗan kan shuka. In a kunya kake dashe, kada ka sa a ƙololuwa, can gishiri yake taruwa. Ka sa a gefe, ɗan sama da inda ruwa yake tsayawa. Wurin renon iri kuma a ba shi ruwa mafi kyau da ake da shi, don ƙaramar shuka ta fi babba jin gishiri. Ka yi dashen da wuri yadda albasa za ta ƙulla kai kafin rijiya ta kai 1.5.

Lungun da ake gyarawa kada a mayar masa da albasa a shekarar farko, haka karas da salati, su ma ba su da juriya. Kabeji yana kaiwa 1.8 a awon ƙasa kafin ya fara raguwa, tumatir 2.5, alkama 6, dawa kusan 7. Ka sa masa dawa da damina, alkama ko tumatir da rani, ka riƙa auna ƙasarsa a farkon kowace kaka da ƙarshenta kana rubutawa, tare da lambar rijiyar kowane wata.