Ɗan kwikwiyona ya ƙi keji, ku ba ni shawara

Mai tambaya, Sabon Gari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayana da ke Yamai ya aiko mini da ɗan kwikwiyo mai wata huɗu, irin wanda ake kira Jack Russell, saboda ɓeraye sun addabi ɗakin da nake ajiye gero da wake. Ɗan ƙarami ne, amma taurin kansa ya fi ƙarfina. Surukata ta ce ba za ta yarda ya riƙa hawa tabarmar salla ba, kuma tana da gaskiya, sai na sa mai walda ya ƙera masa keji. Da an rufe shi sai ihu har asuba, ya ma ji wa bakinsa ciwo wajen cizon ƙarfe. Maƙwabta sun fara magana. Ba na son in mayar da shi, ba na kuma son in cutar da shi. Yaya zan yi?

Wani dattijo daga Birni:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ki tuna da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. In kejin zai zama kurkuku, gara ki ba mai gona shi. Amma ki kwantar wa surukarki hankali: a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai a wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai.

Mai kiwon karnuka, Zango:
Baba ya faɗi gaskiya, kuma maganarsa ce tushen aikin. Ƙanwata, ki fara sanin wa kike riƙe da shi. A Ingila aka samar da irin nan a ƙarni na 19 don farautar yanyawa. Shi kaɗai yake kutsawa rami, babu mai ba shi umarni a can ƙasa, dole ya yanke wa kansa shawara. Kare irin wannan in kin tura shi da ƙarfi, da ƙarfi zai amsa miki.

Ki ɗaure ƙofar kejin a buɗe, ki daina rufewa tukuna. Duk abincinsa a can za ki riƙa ba shi: yau kwano a bakin ƙofa, gobe ki ɗan matsar ciki, har ya kai ƙurya. Tsakanin abinci ki jefa ɗan guntun nama ciki ki yi tafiyarki, kada ki tsaya kallonsa. Sai ranar da ya shiga da ƙafarsa za ki tura ƙofa yana ci, ki buɗe kafin ya gama. Daga nan minti ɗaya, minti biyar, rabin awa. Wani kare kwanaki kaɗan sun ishe shi, irin naki zai iya kai makonni, kada ki ƙosa.

Abin da mutane suka fi sakaci da shi shi ne gajiya. Ki sa yara su yi ta guje-guje da shi da yamma har ya galabaita, sannan a kai shi ya kwanta. Kuma ko da wasa kada a jefa shi ciki don ya yi laifi.

Mai tambaya:
Na gode yaya, Allah ya saka. To in ya fara kuka da dare fa, in buɗe ko in ƙyale?

Mai kiwon karnuka:
Mai wata huɗu ba ya riƙe fitsari fiye da awa huɗu ko biyar, saboda haka kukan dare sau da yawa uzuri ne. Ki fitar da shi shiru, ba wasa ba magana, ya gama ki mayar. In kin tabbata ba wannan ba ne, ki jira ya ɗan yi shiru kafin ki buɗe, don kada ya koyi cewa ihu ne mabuɗi. Amma cizon ƙarfe har jini firgita ce, ba rigima ba. Ki matso da kejin bakin ɗakinki inda zai ji motsinki.

Wani mai walda:
Hajiya, zafin Damagaram nake ji miki. A watan huɗu da na biyar yana wuce digiri 40, ƙarfe a rana ba ya taɓuwa, kuma kare da haki yake sanyaya jikinsa. Ki ajiye kejin a inuwar dogon yaro, ki rufa samansa da zana, ban da leda, ruwa kuma kada ya yanke. Ya zama zai iya miƙewa tsaye, ya juya, ya kwanta a miƙe. Ki cire masa abin wuya kafin ya shiga, yana iya sarƙewa.

Wata 'yar uwa daga Garin Malam:
Tunda don ɓeraye aka kawo shi, don Allah ki kwashe duk maganin ɓeran da ke ɗakin geron yau ɗin nan, ko mataccen ɓera ya ci gubar na iya kama shi. Kuma ya wuce wata uku, ki kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar haukan kare, ki nuna masa ciwon bakin nan.